Daga Amodu Zuwa Zubairu: Yadda Maiduguri Ke Zaɓar wa El-Kanemi Koci

Duk kocin da ya amince ya karɓi El-Kanemi Warriors, da hanya yake fara ƙulla yarjejeniya kafin ya ƙulla da ƙwallo. Daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, zuwa Legas kuwa ya haura 1,500, kuma rabin wasannin kowace kaka a gidan wasu ake buga su, wannan mako Aba, na gaba Ibadan, na bayansa Fatakwal ko Uyo. Ɗan wasa zai yini ya kwana a cikin bas, ya sauko ƙafa a kumbure, a ce ya shiga fili. In an dawo gida ga ranar watan Afrilu mai haura digiri 40. Ga magoya bayan da suka taɓa ganin kofi da idonsu, ba su kuma yarda cewa ƙungiyarsu ƙarama ce ba. Ga mai ƙungiyar, wato gwamnatin jihar Borno, wadda a kasafinta ƙwallo take bin layi ɗaya da asibiti da makaranta da mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu. Shi ya sa ranar da kujerar koci ta zama ba kowa, maganar ba ta tsayawa a ofishin hukumar ƙungiya. Tana sauka teburin mai shayi a Gwange, da majalisun Bulumkutu da Hausari, da rumfunan Kasuwar Monday, kowa da nasa gwani.

Tambayar ɗaya ce tun farko, wato wa za a kawo. Amma abin da ake nema a jikin wanda za a kawo ya sha canzawa cikin kusan shekara 40 da ƙungiyar ta yi a duniya. Wanda ya bi sawun canje-canjen zai ga abin da ba a cika faɗa ba: Maiduguri ta iya zaɓen koci. Abin da ya daɗe yana gagarar ta shi ne riƙe wanda ta zaɓa, da kuma gadar abin da ya gina bayan ya tafi.

An kafa ƙungiyar a 1986, shekara 10 bayan ƙirƙiro jihar Borno, aka raɗa mata sunan Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi, malami kuma jarumin da ya tsaya wa daular Borno a farkon ƙarni na 19, wanda zuriyarsa ke kan karagar Shehu har yau. A wancan zamani ƙwallon Najeriya na hannun kamfanoni da attajirai da gwamnatocin jihohi. Akwai Leventis United a Ibadan, da Abiola Babes a Abekuta, da Iwuanyanwu Nationale a Owerri, da Ranchers Bees a Kaduna, da BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko. Sabuwar ƙungiya a can ƙuryar arewa maso gabas ba ta da tarihin da za ta yi tinƙaho da shi, sai ta bi gajeriyar hanya, ta riƙa nemo waɗanda suka riga suka nuna kansu a wani wuri. Samson Siasia ya sa rigarta a 1987 kafin ya wuce Lokeren ta ƙasar Beljiyam. Da gasar ƙwararru ta kankama a ƙasar a 1990, El-Kanemi ta riga ta zama ƙungiyar da ake lissafi da ita.

A 1991 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wato kofin ƙasa, ta haɗu da Kano Pillars, wadda ita ma jaririya ce a lokacin, shekararta ɗaya da kafuwa. An tashi 3 da 2, kofi ya nufi Yerwa, wato Maiduguri. Ƙungiyoyin arewa biyu a wasan ƙarshe na kofin da Legas da Ibadan da Inugu da Benin suka daɗe suna karɓa-karɓa da shi, wannan kaɗai labari ne. Shekara ta zagayo, El-Kanemi ta sake kai wa wasan ƙarshe, ta doke Stationery Stores ta Legas, ta riƙe kofinta. Wanda ke zaune a bencinta a wannan nasara ta 1992 shi ne Shuaibu Amodu.

Zuwan Amodu Maiduguri shi ne ma'aunin da ake auna duk zaɓen da ya biyo baya. Amodu bai yi wani dogon zamani yana taka leda ba, karaya a ƙafa ta katse masa wasa da wuri. Mutumin Okpella ne a jihar Edo ta yanzu, ba shi da dangi a Borno. Shekarunsa 34 kacal a 1992. Abin da ya riƙo a hannu shi ne aikinsa: ya ci Kofin Ƙalubale da BCC Lions a 1989, ya kuma kai ta ta ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1990, bayan doke Club Africain ta Tunisiya. Waɗanda suka janyo shi daga Gboko ba su tambayi garinsu ba, ba su kuma tsaya lissafin ko ya taɓa buga wa ƙasa wasa ba. Sun dubi abin da suke so, wato kofi, suka nemo mutumin da ya fi kowa sanin hanyar kofi a lokacin. Zaɓe ne mai tsabta, kuma ya biya.

Sai dai a nan ne kuma aka fara ganin cutar da za ta daɗe. Amodu ya koma Gboko, kofin kuma ya bi shi. BCC Lions ce ta ɗauka a 1993, ta sake ɗauka a 1994, ta haɗa da kofin gasar ƙasa a wannan shekara. El-Kanemi ta ɗan ci gaba da cin gajiyar ginin da aka bar mata, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin Afirka na 1993, inda Al Ahly ta Masar ta tare ta, Al Ahly ɗin ce ma ta ɗauki kofin. Daga nan sai haske ya fara dusashewa. Shi kuwa Amodu ya zama kocin Super Eagles a ƙarshen 1994, ya je Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu, ya dawo ya samo wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya har sau biyu, na 2002 da na 2010, kuma duka biyun aka sauke shi kafin a tafi, aka ba Adegboye Onigbinde a karo na farko, aka ba Lars Lagerbäck a na biyu. Ya rasu ranar 10 ga Yuni, 2016, kwana uku bayan rasuwar Stephen Keshi. Allah Ya jiƙansa. Rashin haƙuri da koci ba Maiduguri ce ta ƙirƙiro shi ba, ciwon ƙasa ne baki ɗaya, kuma babu wanda ya ɗanɗana shi kamar mutumin da ya ba Borno kofinta na biyu.

Shekarun da suka biyo baya ba su da yawan abin faɗa. Ƙungiyar ta sake leƙa wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2001, Dolphins ta Fatakwal ta doke ta. Bayan haka ta gangara rukuni na biyu, ta yi zamanta a can, masu horarwa suna shiga suna fita.

Abin da ya sauya tambayar gaba ɗaya ba a filin ƙwallo ya faru ba. Daga Yulin 2009 rikicin Boko Haram ya mamaye garin. A daidai tsakiyar wannan masifa, a 2012, El-Kanemi ta sami hayewa zuwa babbar gasa, tare da Nasarawa United da Bayelsa United da Nembe City. Kakar 2013 ta zo da dokar ta-ɓaci a watan Mayu, aka katse layukan waya, ga dokar hana fita, ga shingayen bincike a kowace kwana. A farkon Disamba aka kai hari sansanin sojin sama da ke kusa da filin jirgi, zirga-zirgar jiragen fasinja ta tsaya. Hanyar Damaturu, wadda ita ce ƙofar garin zuwa sauran ƙasa, ta zama hanyar da matafiyi ke yin sallama da iyalinsa kafin ya hau. A irin wannan hali ba a cewa wane koci ne ya fi iya tsara 'yan wasa. Cewa ake yi, wa zai yarda ya zo? Wa zai iya kiran mahaifin wani yaro a Aba ko Warri ya shawo kansa ya bar ɗansa ya sa hannu a Maiduguri? Wa zai iya riƙe zukatan samari talatin da ke jin ƙarar bindiga da dare, ya fito da su atisaye da safe?

An sami waɗanda suka yarda. Kelechi Emeteole, tsohon ɗan bayan Najeriya, wanda ya kai Heartland ta Owerri wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2009, ya riƙe ƙungiyar a cikin waɗannan shekaru. Haka ma Zachary Baraje, wanda daga baya ya ci kofin ƙasa da Akwa United a 2015. A ƙarshen kakar 2013 El-Kanemi ta ƙare a matsayi na huɗu, bayan Kano Pillars da Enyimba da Bayelsa United. Ba a ba da kofi ga na huɗu, don haka wannan kaka ba ta cikin abin da ake rubutawa a jikin tuta. A ganina kuwa ba ta gaza kofunan 1991 da 1992 ba. Ƙungiyar da ta hayo daga ƙasa, garinta cikin yaƙi, ta tsere wa ƙungiyoyi 16 da ke kwana lafiya a gidajensu, wannan aiki ne da ya kamata yaran Borno su san sunayen waɗanda suka yi shi.

Daga baya dole ta sa aka ɗauke wasanninta na gida daga Maiduguri, aka kai Kano, sannan Katsina. Ƙungiya ta zama 'yar gudun hijira kamar dubban mutanen jiharta. Kocin da ke riƙe da ita a irin wannan zama ba shi da jama'ar da za su tsorata baƙo, ba shi da zafin rana da nisan hanyar da ke gajiyar da abokin karawa kafin a busa usur. Duk wasa a waje yake. Abin da ake buƙata a wurinsa shi ne kada a faɗi, kuma ba a faɗi ba.

A kakar 2016 ƙwallo ta dawo filin wasa na Maiduguri, kuma Ladan Bosso ne ke riƙe da ragama. Bosso, mutumin jihar Neja, tsohon hannu ne. Ya kai Flying Eagles zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2007, ya kuma zaga ƙungiyoyi da dama har da Kano Pillars. Zaɓensa ya dace da lokacin, domin garin da ke farfaɗowa yana buƙatar wanda ya san lungu da saƙo na gasar, wanda ba za a yi wa wayo a kasuwar 'yan wasa ba. Wanda ya ga yadda filin ke cika a waɗannan ranaku ya san ba ƙwallo kaɗai ta tara mutanen ba. Jama'ar da aka daɗe ana hana su taruwa ne suka sami inda za su taru su yi ihu don murna. A hannun Bosso Maiduguri ta koma gidan da baƙo ba ya fita da maki cikin sauƙi, ko da yake a waje ƙungiyar ba ta cika yin kataɓus ba, wanda kuma halin kusan duk ƙungiyoyin gasar ne. Kaka biyu ya yi, ya wuce FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi.

Wanda ya gaje shi ya nuna cewa dabarar zamanin Amodu ba ta mutu ba. Imama Amapakabo ya ba Enugu Rangers kofin gasar ƙasa a 2016, na farko tun 1984, Rangers ɗin kuma ta sallame shi watanni kaɗan bayan haka da sabuwar kaka ta fara da tangarɗa. El-Kanemi ta ɗauko shi don kakar 2018. A takarda babu zaɓen da ya fi wannan: matashin koci, mai kofi a hannu, mai neman wanke kansa. Amma kakar ba ta ma ƙare ba. An tafi hutun gasar cin kofin duniya bayan wasa na 24, rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya ɓarke, ba a dawo ba. Shi kuma aikin ƙasa ya ja shi, ya zama mataimaki a Super Eagles, ya riƙe tawagar 'yan ƙasa da shekara 23.

A nan ne wata tsohuwar muhawara ta taso da ƙarfi, wadda har yau ba ta kwanta ba a majalisun garin. Wasu na cewa baƙo, komai ƙwarewarsa, da jakarsa a rataye yake zuwa. Ranar da aka yi masa tayin da ya fi, ko aka kira shi Abuja, sai ya kama hanya. Ɗan gida kuwa a nan iyalinsa suke, a nan zai je sallar Juma'a bayan an ci shi, ba shi da inda zai ɓuya, don haka zai yi aikin da zuciya ɗaya. Wasu kuma na cewa ɗan gida shi ya fi shan wahala, domin kowa ya san ƙofar gidansa. Wannan zai aiko da ɗansa a gwada shi, wancan zai bugo waya a sa ƙaninsa a jerin masu wasa, ga abokan ƙuruciya da ke ganin sun isa su faɗa masa wanda zai cire. Baƙo yana iya cewa a'a ya kwana lafiya, ɗan gida kuwa a'arsa tana bin sa har wurin ɗaurin aure.

Borno tana da ɗan gidan da ba a yi masa kallon raini. Mohammed Babaganaru ya ba Kano Pillars kofin gasar ƙasa sau biyu a jere, 2012 da 2013. Da shi El-Kanemi ta shiga kakar 2019, wadda aka taƙaita, aka raba ƙungiyoyi 24 gida biyu, aka ce huɗu-huɗu za su faɗi daga kowane rukuni. Gasa ce da ba ta da wurin gyara kuskure, kuma El-Kanemi tana cikin waɗanda suka faɗi. Masu adawa da ɗan gida suka sami abin faɗa. Amma a dubi abin da ya biyo baya. Ƙungiyar ta hayo a 2022, ta sake faɗuwa a 2023, kuma a wannan shekara ta 2023 Babaganaru ɗin nan ne ya kai Lobi Stars ta Makurɗi zagayen ƙungiyoyi shida da suka yi takarar kofi a Legas. Mutum ɗaya, ilimi ɗaya, a Kano ya ci kofi, a Makurɗi ya yi takara, a gida ya faɗi. Duk wanda ya ce matsalar a jikin kocin take, sai ya bayyana mana wannan.

Inda matsalar take, a nawa fahimtar, shi ne yadda ake yin zaɓen da abin da ake miƙa wa wanda aka zaɓa, kuma wannan hali ne na kusan duk ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke riƙe da su, daga Kano zuwa Bauchi zuwa Uyo. Gwamnati ce ke naɗa hukumar gudanarwa. Hukumar ce ke tattara sunaye, sau da yawa ta hanyar waya da dillalan 'yan wasa da shawarar wanda ya san wani, sannan a kai sama a sa albarka. Ba a iya sa hannu da kowa sai kuɗi sun fito, kuɗin gwamnati kuwa da lokacinsu suke fitowa, ba ruwansu da jadawalin gasa. Sai ka ga an gabatar da sabon koci saura 'yan makonni a fara kaka, bayan ƙungiyoyin da suka shirya da wuri sun kwashe 'yan wasan kirki. Kwantiragin yawanci na kaka ɗaya ne ko biyu. Kocin da ya san kwanansa ƙidayayyu ne ba zai ɓata lokaci yana rainon yaro ɗan shekara 17 daga unguwa ba. Zai zo da mataimakansa da 'yan wasansa da ya saba da su, waɗanda za su ba shi maki yau. Idan aka yi rashin nasara biyu a jere sai a ji sanarwar wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko ya san inda dare ya yi masa. Ranar da ya tafi, mutanensa su bi shi. Wanda ya zo bayansa ya tarar da fili fetal, ya fara daga tushe. Kamar mai haya ne da ke zuwa da ƙofa da taga, in zai tashi ya ciro abinsa.

Bayan faɗuwar 2023 hukumar ƙungiyar ta yi zaɓen da ya saɓa wa al'adarta. Ba ta nemo mai kofi ba, ba ta kuma nace sai ɗan gida ba. Ta ɗauko Aliyu Zubairu, wanda abin da aka fi saninsa da shi shi ne ya hayo da Gombe United babbar gasa a 2021, ya kuma tsayar da ita a can da 'yan wasan da ba su da manyan sunaye. Wato an dubi ciwon, aka nemo mai maganinsa: ƙungiya tana rukuni na biyu, ga mutumin da ya san hanyar fita daga rukuni na biyu, wanda ya san filayensa marasa ciyawa da tafiye-tafiyensa da irin ɗan wasan da ke jure su. Cikin kaka ɗaya ya dawo da ita sama. Bai tsaya nan ba. Ranar 29 ga Yuni, 2024, a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan a Legas, El-Kanemi ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Nasiru Salihu ne ya ci duka biyun. Ƙungiyar da ta buga kakar a rukuni na biyu ta ɗauke kofi a gaban manya, shekara 32 bayan na Amodu. Yaran da aka haifa a Maiduguri bayan 1992, waɗanda suka girma da dokar hana fita, a ranar suka fara ganin abin da iyayensu ke ba su labari.

Ba a yi wata biyu ba hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta naɗa Zubairu kocin Flying Eagles, kuma wanda ya gada a kujerar shi ne Ladan Bosso. A lissafa: Amodu, Bosso, Amapakabo, Zubairu, mutum huɗu da suka zauna a bencin El-Kanemi, kowannensu ya riƙe wata tawagar ƙasa. Ƙungiyar da ba ta iya zaɓe ba ba za ta tara irin wannan jeri ba.

Zubairu ya haɗa ayyukan biyu, kuma kakar ta zo da nauyi. A watan Agusta Dadje ta Jamhuriyar Benin ta fitar da El-Kanemi a zagayen farko na kofin ƙalubalen Afirka, wasan da ake kira na gida ma a Ikenne ta jihar Ogun aka buga shi, domin filin Maiduguri bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba. Ranar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da dama na garin, har Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu. A Oktoba koci yana Lome ta ƙasar Togo, inda ya ci kofin yankin Afirka ta Yamma da Flying Eagles bayan doke Ghana. A Mayun 2025, daidai lokacin da gasar gida ke kai wa gaɓar da ake tantance masu faɗuwa, yana Masar, inda Najeriya ta zo ta uku a gasar matasan Afirka. El-Kanemi ta tsira, waɗanda suka faɗi su ne Heartland da Akwa United da Sunshine Stars da Lobi Stars. Amma ƙungiyar da ta shiga kaka da kofi a hannu ta ƙare ta tana lissafin makin tsira. Daga nan Zubairu ya karɓi aiki da Telecom Egypt ta Masar, ya kuma kai Flying Eagles gasar duniya a Chile, inda Ajantina ta fitar da su a zagaye na biyu. Babu mai ganin laifinsa. Koci ma'aikaci ne, kuma wanda ya yi abin da ya yi ya cancanci gaba.

A wannan kaka ta 2025 ɗin ce Remo Stars ta Ikenne ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko a tarihinta. Kocinta, Daniel Ogunmodede, ya daɗe a cikin gidan, ya yi aiki da makarantar rainon yaransu kafin a ba shi babbar kujera. Ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024, ba a kore shi ba, a karo na uku ya ɗauka. Za a ce ai Remo ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, ba ta jiran sa hannun kowa. To ga Rivers United, ta gwamnati ce kamar El-Kanemi. Tun da aka haɗe Dolphins da Sharks aka kafa ta a 2016 Stanley Eguma ne ya riƙe ta, aka yi haƙuri da shi har ya kawo kofi a 2022. Ba na cewa a kwafo tsarin Ikenne ko na Fatakwal a dasa a Maiduguri, kuɗin ba ɗaya ba ne, nisan ma ba ɗaya ba ne. Abin da nake nunawa shi ne a wuraren nan biyu ƙungiya ce ke da tsari, koci ya zo ya shiga ciki. A Maiduguri har yanzu koci ne tsarin.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfin jihar ba. Duk wanda za a ɗauka, a ɗauke shi da zarar kaka ta ƙare, kafin kasuwar 'yan wasa ta watse. A ba shi shekara uku a rubuce, da sharaɗin abin da zai biya in ya tafi da abin da za a biya shi in an sallame shi, yadda wa'adin wasa uku zai zama abu mai tsada ga mai bayar da shi. A rubuta tun farko abin da zai faru idan ƙasa ta kira shi, tunda an ga hakan ba sau ɗaya ba. Mafi muhimmanci, ya zama cikin mataimakansa akwai 'yan jihar da ƙungiya ce ta ɗauke su, ba shi ya zo da su ba, a biya musu kuɗin kwas har su sami lasisin hukumar ƙwallon Afirka, wanda yanzu ba a zama a benci a gasannin nahiyar sai da shi. Ta haka muhawarar ɗan gida da baƙo za ta rage zafi, domin baƙon zai zama malamin ɗan gidan da zai gaje shi. Yaran kuwa suna nan. Duk wanda ya zaga filayen unguwanni a Maiduguri da la'asar, ko ya tuna yadda ake buga ƙwallo a sansanonin 'yan gudun hijira irin su Bakassi da Dalori kafin a rufe su, ya san garin ba ya rasa masu ƙafa.

Bayan tafiyar Zubairu, a 2025, El-Kanemi ta ɗauko Kabiru Dogo, wanda ya kai Nasarawa United wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2016, ya kuma riƙe Sunshine Stars da Lobi Stars da Wikki Tourists da Kwara United. Zaɓe ne irin na Bosso, tsohon hannu da ya san gasar ciki da bai, wanda aka kawo don ya tsayar da ƙungiya a sama ta daina hawa da sauka. Ya karɓi tawagar da wani ya haɗa, a garin da bai gama share laka daga ambaliya ba, da jadawalin da zai kai shi Aba da Fatakwal da Ikenne ta hanyar Damaturu.